Buhu Kafin Auduga

Ranar kasuwar shanu ta Tourou, a gefen Parakou, abin ya fito fili, kuma wani Bafulatani ne ya tono shi ba tare da ya sani ba. Ya shigo biro, wato ofishin ƙungiyar masu shanu, da sandarsa a kafaɗa, ya ce ya ga bajiminsa da aka sace a hannun wani dillali mai suna Yaou, don haka a buɗe na'ura a nuna wa kowa hoto. Aka buɗe, aka ga wayam. Ba bajiminsa kaɗai ba. Duk hotunan shanun da ƙungiya ta tara shekara da shekaru, da shaidar jikin kowace saniya, da sunan mai ita, tun daga Parakou har Djougou, babu ko ɗaya. Ita kuwa babbar na'urar tana can ɗakin baya cikin sanyi tana gurnaninta, lafiyarta ƙalau, kamar ba ita ba.

Kafin a kira azahar kasuwa ta riga ta yanke hukunci. Mahauta suka ce Yaou ya sayi wani a cikin biro. Masu lodin manyan motoci suka ce ɓarayin shanu ne suka samu ɗan boko. Mai shayin bakin ƙofa, wanda bai taɓa ganin na'urar da idonsa ba, shi ya fi kowa sanin yadda aka yi.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Moumouni, mutum mai jiki da saurin hawa, ya tura mai babur ya ɗauko masa Muntari daga unguwar Banikanni.

Mahaifin Muntari mai bin sawun shanu ne, irin waɗanda ke durƙusawa a bakin rafi su ce maka saniyar tana da ciki, kuma wanda ya kora ta yana ɗingishi. Ɗan bai gaji shanu ba, durƙuson ya gada. Ƙuruciyarsa duk a gaban babbar na'urar wani kamfanin auduga ya yi ta, yana buga mata umarni, har kamfanin ya rufe. Yanzu furfura ta kama shi a ɗan shagonsa na gyaran kwamfuta, kuma duk wanda aka yi wa ɓarna a cikin na'ura shi yake nema. Sunan uban ma ya bi shi, Mai Bin Sawu ake ce masa.

Da zai iya ƙin zuwa, da ya ƙi. Shekara shida ke nan bai taka biron nan ba. Ɗansa tilo, Abdoulrahim, shi ya fara ɗaukar wa ƙungiya hotunan shanu, kuma Muntari ne ya samo masa aikin. A kan hanyar aikin babur ya kashe shi. Bayan sadakar arba'in matar Muntari, Fatchima, ta ɗaure kayanta ta tafi gidan wanta a Djougou. Ba ta ce saki ba, ba ta ce komai ba. Shi kuma har yau in ya sayi doya, ta mutum biyu yake saya, sai ya iso gida ya tuna.

*

"Ka gan mu, Malam Muntari," in ji Alhaji. "An yanka mu ba wuƙa. Ka nemo min wanda ya goge."

Muntari ya ja kujera gaban allo, ya gyara tabarau. Ya daɗe yana karatu, Alhaji na tsaye a kansa yana huci.

"Ba gogewa aka yi ba, Alhaji."

"To ina suke?"

"Kwafa aka yi. Wani ya ɗauko faifan da babu komai a cikinsa ya kwafe shi a kan naku. Kamar a kifa ƙwarya babu kome a kan abinci, sai dai ita wannan ƙwaryar tana cinye abin da ta rufe. Ina faifanku na ajiya?"

Alhaji ya sosa ƙeya. "Ya mutu tun daminar bara. Kwamiti na nan yana shawara."

Muntari ya san kwamiti, ya san shawararsu. Abin da ya dame shi daban ne. Mai son ɓarna gogewa yake yi, kalma guda ce, ko yaro ya iya. Me zai sa ɓarawo ya bi doguwar hanya?

"Daga ina aka buga?" in ji Alhaji.

"Daga ƙaramin allonku na Djougou, ranar Laraba da hantsi. Da kod, wato lambar sirrin ma'aikaciyarku ta can."

"Zali!" Alhaji ya buga tebur. "Yarinyar da na ɗauka da hannuna! Jibi ina Djougou da dattawa da ɗan sanda. Kai ka riga mu, ka tabbatar min."

Tun da kalmar Djougou ta fito daga bakinsa, ƙirjin Muntari yake bugawa kamar na saurayi. Kunya ta kama shi. An yi wa mutane asarar shekaru, ana shirin ɗaure 'yar mutane, shi kuwa abin da ya zo masa shi ne yau ya samu dalilin zuwa garin da matarsa take.

*

Kafin ya tafi sai da ya nemi Yaou. Ya same shi a gindin bishiyar mangwaro yana cin gasasshen cukun Fulani, jama'a sun ba shi fili kamar mai kuturta.

"Kai ma ka zo ka ce ni ne?" in ji Yaou, baki cike.

"Na zo in tambaye ka inda kake ranar Laraba."

"Djougou! Kowa ya gan ni, ban ɓoye ba. Na shiga biro ma, na tarar yarinyar ba ta nan, na fito."

"Ba kowa a ciki?"

"Wata tsohuwa da goyo, ban ko dube ta ba. Malam, ni wannan abin naku, ko wayata ɗana ke danna min. Kuma ka ji wata magana: bajimin nan na saye shi da halalina, hotonsa da sunan wanda ya sayar min suna cikin mashin ɗin nan. Ni aka cuta! Da hoton nan na nan, da yanzu ina gida ina barci."

Muntari ya dube shi. Yaou maƙaryaci ne na gaske, kowa ya sani, zai iya rantsuwa cewa tsohuwar saniya karsana ce. Amma yau tsoro ne a idonsa, ba wayo ba.

*

Washegari ya shiga taksin Djougou, su huɗu a baya, ga buhun gawayi a saman mota. Damina na ƙarewa, gonakin doya da na yazawa sun yi kore shar. Da suka zo kwanar da babur ya kashe ɗansa sai ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa har suka wuce. A aljihun rigarsa akwai ƙullin turaren wuta irin wanda Fatchima ke so. Ya saya da safe, kuma tun a tasha yake jin haushin kansa, dattijo da shi.

Biron Djougou ɗaki guda ne a bakin kasuwar dabbobi. Zali na zaune, idanu sun kumbura, jaririnta na kwance a kan zane a ƙasa. Yarinya ce ƙarama, mijinta direba yana hanyar Malanville, bai ma ji labari ba tukuna.

"Baba, wallahi ban yi ba," ta ce tun kafin ya zauna. "In suka kai ni komisariya wurin 'yan sanda wa zai shayar da wannan?"

"Ranar Laraba da hantsi kina ina?"

"Cikin kasuwa. An kawo shanu daga Bassila, na fita ɗaukar hoto."

"Kin rufe allo?"

Ta kama gefen mayafinta. "Ban rufe ba. In na rufe, kafin ya sake buɗewa sai rezo, layin sadarwar nan, ya wahalar da ni. Kullum haka nake bari."

"Wa ya shigo?"

"An ce Yaou ya leƙo. Shi ne, Baba, ba wani ba ne!"

"Sai kuma wa?"

"Ba kowa. Sai dai Inna mai riƙe min yaro, maƙwabciyarmu ce. Amma ita tsohuwa ce, ina ita ina mashin."

Muntari ya gyaɗa kai, hankalinsa na kan allo. Ƙaramin allon Djougou yana riƙe layukan da aka buga masa na baya. Ya yi ta komawa, yana wuce na Zali ɗaya bayan ɗaya, har ya iso na ranar Laraba. Layi guda ne:

COPIE DISQ2,BETAIL.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Na'urar ƙungiya tana da tsarinta. In ka ce mata ta kwafa, sai ka fara ambaton inda za a ɗebo, sannan inda za a zuba. Wanda ya buga layin nan ya fara da DISQ2, wato ƙaramin faifan da aka jona daga waje, sannan BETAIL, rumbun shanu. Na'ura kuwa ba ta da hankalin tambayar abin da kake nufi. Ta ɗebo daga faifan banza ta zuba a kan rumbu. Ta ma tambaya da Faransanci ko a danne abin da ke ciki, aka amsa mata da e nan take.

Amma ba wannan ne ya tsayar da shi ba. Layukan Zali duk da ƙananan baƙaƙe suke, da tazara bayan waƙafi. Wannan da manyan baƙaƙe ne, babu tazara, ga ɗigo a ƙarshe wanda na'urar zamani ba ta bukata. Tsohuwar na'urar kamfanin auduga ce ba ta karɓar umarni sai da ɗigo. Kuma ita ce take son a fara faɗin inda za a zuba kafin inda za a ɗebo. Malamin su Muntari na lokacin, wani Mahamadu mutumin Yamai, da rula yake tsayawa a bayansu yana faɗi: "Buhu kafin auduga! Ka buɗe buhu, sannan ka ɗebo!" Tsohuwar kuma kowane umarni sai ta tambaye ka ko ka tabbata, har hannu ya saba amsawa ido bai karanta ba.

Wanda ya buga wannan ba ɓarna ya zo yi ba. Kwafi ya so ya ɗauka ya tafi da shi. Kuma su huɗu kacal Mahamadu ya koyar.

"Zali," ya ce. "Ya sunan Innar taki?"

"Inna Fatchima. Ka san ta ne, Baba?"

*

Ya same ta a tsakar gidan wanta tana tsince wake. Ta rame, gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwali ya yi fari. Duk jawabin da ya shirya shekara shida ya gudu ya bar shi tsaye da hula a hannu.

Ta ɗaga kai ta gan shi, sai ta yi murmushi. Da ta ɗaure fuska da ya fi masa sauƙi.

"Malam. Sannu da hanya. Na ji an ce kai za su turo." Ta jawo masa kujera da kanta, ta kawo ruwa a kofin silba. "Rigar nan har yanzu ba ka yar da ita ba?"

"Tana da sauran rai."

"Ita da mai ita." Ta yi 'yar dariya, irin wadda ya zaci ba zai ƙara ji ba. Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Tsaya in nuna maka abu."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli a cikin farin kallabi. Ta warware shi a hankali a kan cinyarta. Ƙaramin faifai ne baƙi da 'yar igiyarsa, sabo fil.

"Kullum ina zaune a biron nan da jaririn Zali, ina kallon allo ta gefen ido. Ranar Laraba na kasa haƙuri, na zauna na buɗe hotunan farko. Malam, yaron yana ciki." Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. "Ba fuskarsa ba. Hannunsa. Ka san da hannu ɗaya yake riƙe igiya, ɗayan yana ɗaukar hoto. Wani wurin inuwarsa ce a ƙasa, wani wurin ƙafarsa. Na daɗe da sayen wannan faifan ina jin tsoro. Ranar na ce bismillahi, na kwafe duka. Ka ga hannun nan? Shekara nawa rabona da mashin, amma bai manta ba. Kuma na yanzu sauri gare su, kafin in gyara goyo an gama."

Muntari ya ajiye kofin a ƙasa.

"To ka ga ikon Allah," ta ci gaba, idonta na ƙyalli. "Ina kwafewa, ɓarawo na zuwa ya goge nasu. Gobe zan kai musu, su samu shanunsu, su ƙyale yarinyar nan. Na yi shiru ne don in na bayar ba lalle su dawo min da shi ba. Ina so mu fara gani, ni da kai. Ka zo da ordinatarka, 'yar kwamfutar nan taka?"

"Na baro ta Parakou," ya ce. Tana cikin jakarsa a gefen ƙafarsa.

"Ba komai, sai bayan taro. Ka san ban taɓa zama na yi kukansa tare da kai ba. Na ɗora maka abin da ba kai ka yi ba. Na sani, na daɗe da sani, hanyar dawowa ce na rasa."

Wannan maganar ita yake jira tun ranar da ta fita da kayanta. Ga ta an ba shi, kuma ya san abin da ke ƙarƙashinta. Ya buɗe baki zai faɗa, ya dubi yadda take shafa faifan da yatsa, ya kasa. Tsoro ne, ba tausayi kaɗai ba. Tsoro yake kada ƙofar da ta buɗu yanzu ta rufe gaba ɗaya.

"Fatchima, gobe ki zauna gida. Ki bar min taron. In an gama zan zo da kaina."

"To, Malam," ta ce, irin amsar da ya sani sarai tana nufin za ta yi abin da ta ga dama.

Ya fita da turaren a aljihunsa, bai tuna da shi ba sai a masauki.

*

Da safe biron ya cika. Alhaji Moumouni ya zauna a kujerar Zali, dattawa uku a kan benci, Bafulatanin na tsaye da sandarsa. An zo da Yaou, ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ɗan sanda na jingine a bakin taga yana danna waya. Zali ta rakuɓe a lungu, ta bar jaririn a gida. A waje kuwa rabin kasuwa ne.

"Muna jinka," in ji Alhaji.

Muntari ya miƙa wa Zali allon bugu. "Buga min umarnin kwafe rumbu zuwa faifan waje. Kar ki tura, ki buga kawai."

Ta buga. Rumbu ta fara sawa, sannan faifai, da ƙananan baƙaƙe.

"Yaou, kai ma zo."

Yaou ya matso, ya dubi maɓallan kamar an ajiye masa kunama. Ya miƙa yatsa ɗaya ya danna, allo ya cika da harafi guda. Dattawa suka yi dariya, har ɗan sanda.

Sai Muntari ya fito da layin ranar Laraba, ya sa shi kusa da na Zali. Ya yi musu bayani a hankali, da buhu da auduga, yadda ko Bafulatanin ya gyaɗa kai. Ya nuna musu ɗigon, ya nuna manyan baƙaƙen.

"Wannan ba hannun Zali ba ne. Lokacin da ake koyon irin wannan bugu ba a haife ta ba. Kuma ba hannun mugu ba ne. Wani ne ya so ya ɗauki kwafi, hannunsa ya bi tsohuwar hanya. Laifin Zali guda ne, ta bar allo a buɗe."

Zali ta fashe da kuka tana hamdala.

"Madalla," in ji Alhaji. "To hannun wa?"

"Na mutanen tsohuwar na'urar auduga."

"Su wa ke nan?"

"Mu huɗu ne. Chaibou ya rasu. Ɗaya yana Abidjan tun tuni. Ga ni nan." Ya dubi Alhaji. "Abin da za a ɗora, a ɗora min. Zan zagaya kasuwannin Borgou da Donga in sake ɗaukar muku kowace saniya, ba na son ko sisi."

"Malam Muntari, ranar Laraba kana shagonka, mai babur ɗina ya gan ka. Ka ce huɗu, ka lissafa uku. Ina na huɗun?"

Ɗan sanda ya sa wayarsa a aljihu.

Jama'ar bakin ƙofa suka dare. Fatchima ce, da jaririn Zali a bayanta, farin ƙulli a hannu. Da fara'arta ta shigo, ta buɗe baki za ta yi sallama, sai idonta ya sauka a kan allo. A cikin su huɗun nan ita ce Mahamadu bai taɓa buga wa rula ba. Ba ta bukaci kowa ya yi mata bayani ba. Ta karanta layin Zali, ta karanta nata. Muntari na ganin leɓɓanta suna motsi. Ta sake karantawa. Sannan ta dubi ƙullin da ke hannunta.

"Babu komai a ciki," ta ce. Ba tambaya ba ce, amma shi ta kalla.

"Babu," in ji Muntari.

"Tun jiya ka sani."

"Na sani."

Ta ajiye ƙullin a kan tebur gaban Alhaji, a hankali, kamar zai fashe. Ta kwance goyon ta miƙa wa Zali.

"Alhaji, ni ce ta huɗun. Ni na zauna a kujerar nan. Yarinya ba ta sani ba. Hannun ɗana na zo ɗauka, na kashe muku shanu, na kashe shi." Ta juya wajen ɗan sanda. "In tafiya ce, mu je."

Alhaji Moumouni yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar yaron. Ya cire hularsa, ya dubi cikinta, ya mayar.

"Wace tafiya, Hajiya?" ya ce, muryarsa ta sauka. "Da mun sayi faifan ajiya da ba mu zo nan ba." Ya juya ya yi wa ɗan sanda godiya da Faransanci, ya ce maganar ta gida ce. Aka ce Yaou da Bafulatani su kawo shaidunsu gaban dattawa ranar kasuwa. Yaou ya tsaya a bakin ƙofa yana neman wanda zai ba shi haƙuri, bai samu ba, ya tafi yana mita.

*

Muntari ya same ta a bayan biro, a kan wani benci kusa da kwamin shayar da dabbobi. Ba kuka take ba. Ta ɗora hannuwanta a kan cinya tana kallonsu. Ya tsaya nesa kaɗan. Daga tasha ana jin yaran mota suna kiran Parakou, saura mutum ɗaya.

"Da ka faɗa min jiya," ta ce.

"Na kasa. Kin yi min dariya, na kasa."

"Ba a iya dawo da ko ɗaya?"

Ya so ya yi mata ƙarya ta biyu. "Zan gwada. Amma ki cire rai."

Ta gyaɗa kai. "To ka tafi, kar mota ta bar ka. Ka ga abin da na iya. Abin da ya rage mana na shi, da hannuna na shafe."

Nan ne ya san in ya juya, shi ke nan. Ya yi ta laluben abin da zai ce, bai samu mai daɗi ba, sai gaskiya.

"Ni ban taɓa ganin hotunan ba, Fatchima. Biron na Tourou ba shi da nisa da gidana, kullum sai in ce gobe zan shiga in duba, in na iso ƙofa sai in wuce. Ban ma san yana ciki ba sai da kika faɗa. Yanzu duk duniya ke kaɗai kika gan su da idon da ya san ko hannun wa ne. Don Allah ki faɗa min. Kar ki bar ni haka."

Can aka ji taksin ya tashi, ƙararsa ta yi nisa. Sai ta tattara gefen zanenta, ta matsa ƙarshen benci. Ya zauna.

"Na farko wani jan bajimi ne mai karyayyen ƙaho," ta ce, tana kallon ruwan kwami. "Da safe ne, inuwarsa ta yi tsawo. Ya sa agogon nan naka da ka yi ta nema, ka ce a masallaci aka sace."

"Ashe shi ne," in ji Muntari, hawaye na bin gemunsa.

"Shi ne. Kuma da hagu ya riƙe igiyar, Malam. Duk faɗan da ka yi masa, da hagu."